Motar Matan Kukar Bawa

Tun ranar da muka dawo daga hutu kuka hana kunnena sakat. Hansai yaya Nijar? Hansai da gaske ne can mota ganye take ci? Hansai me ya sa da an ɗauko zancen sai ki ce za ki ɗebo ruwa? To ga shi na rubuta. Wadda ta karanta ta miƙa wa ta kusa da ita, kuma kada a sake tare ni a ɗakin cin abinci. Abin da na kasa faɗa muku da baki yana ciki, domin takarda ba ta da idon da za ta kalle ni.

Kakata Iya haifaffiyar wani ƙauye ce a ƙasar Maraɗi, Kukar Bawa. Aure ya kawo ta Zakka tun Turawa ba su tafi ba. Ƙanenta Baba Ɗanladi ne ya aiko cewa tsufa ya fara taɓa shi, yana so ya ga fuskarta. Maza duk suna gona, aka rasa mai raka ta, sai aka ce ai ga Hansai nan zaune ba ta aikin komai sai rage hatsi. Iya ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wannan? Gara a haɗa ni da akuya, ita ko ba komai tana yin shiru in tana cin abinci."

Na ce, "Akuya ba ta karanta allon hanya, tsohuwa."

Haka muka shirya.

Kun dai san wahalar man da ake ciki. Daga Zakka zuwa Safana a amalanken shanu muka zo, muna zaune kan buhunan wani mutum, Iya tana yi wa shanun addu'a ɗaya bayan ɗaya. A Safana muka jira mota tun hantsi har inuwa ta koma gabas. Da akori-kura ɗaya ta zo, mutanen da suka hau ta sun isa su kafa gari da dagacinsu. Ni dai ban san ƙafar wa na taka ba, kuma ban san wa ya taka tawa ba, mun yafe wa juna a Batsari.

A gidan Kawu Isuhu muka kwana. Shi ne mai babbar motar nan da ke kwaso hatsi daga Runka da Tsaskiya ranar kasuwa. Mun tarar da ita a ƙofar gida an ɗora ta kan duwatsu, kaji har sun fara ƙwai a mazaunin direba. Man dizal ya ɓace kamar an yi ruwa an ɗauke. Bayan mun ci tuwo Kawu ya kira ni gefe ya ce, "Ke mai boko, aiki zan ba ki. An ce a garin su Iya mata suna tatsar mai daga bini-da-zugu, har mota na tafiya da shi. Ki buɗe ido ki gano mini."

Na yi dariya har na ƙware. Bini-da-zugu fa, wannan da muke shinge da shi don ko akuya ba ta kula shi. Kawu ya ce shi ma da haka ya yi dariya, lokacin da malamin gona ya zagayo da takarda daga Katsina wai kowa ya ƙara shuka shi, gwamnati na tunanin mai na gona. An kafa kwamiti a Safana, an ci shinkafa, an watse, tun daga nan ba a sake jin ɗuriyar maganar ba. "Amma yanzu," in ji Kawu, ya nuna motarsa da haɓa, "ko man shanu aka ce tana sha, zan gwada."

Da safe ya kawo wa Iya galan ɗaya na fetur, ya ce gaisuwa ce ta kai wa Baba Ɗanladi saboda babur ɗinsa. Ya ce kada mu tambayi inda ya samo, kuma kada mu bari a gani a kan iyaka. Iya ta sa galan ɗin a gindin kwando, ta shimfiɗa tsumma, ta jera daddawa a kai har baki, ta rufe da wani tsumman. Daddawar nan ta Iya ce, ta kwana bakwai tana nuna, ƙuda ma sallama yake yi kafin ya matso.

Daga Batsari zuwa Jibiya sau biyu muka sauka muka tura mota a laka. A kan iyaka wani ma'aikaci mai kaki ya nuna kwandon ya ce, "Mama, mene ne a nan?" Iya ta ce, "Ɗan abin miya ne, ɗana, buɗe ka gani, har in ɗibar wa iyalinka." Ya ɗaga tsumman sama, ya ja da baya taku uku yana ƙifta ido, ya ce, "Allah ya kiyaye hanya." Muka wuce. Iya ta yi ta istigfari har Ɗan Isa, ni kuwa ina ta jin kaina kamar wadda ta ci yaƙi.

To a nan girman kai ya hau ni, gara in faɗa tun yanzu. Ina tsallaka iyaka na zama wakiliyar Nijeriya. Komai na gani sai na taɓe baki. Burodinsu dogo ne siriri, mai tauri, in ɓarawo ya shigo sai ka rama da shi. Shayi kuwa a 'yan kofuna kamar murfin kwalba, kuma sai an yi zagaye uku, ka tashi bayan na farko ka yi rashin kunya. Makaranta lakwal suke ce mata, fetur esansi, dizal gazuwal. Abin da ya fi ba ni mamaki, da rana ta take sai kowa ya rufe abin da yake yi ya kwanta, har jandarma, wato 'yan sandansu, ba mai motsi sai wajen la'asar. Na ce wa Iya, "Shi ya sa ba su haƙo mai ba, barci suke yi lokacin da ake rabo." Ta ce, "Ki adana bakin nan, za ki buƙace shi wajen cin abinci."

Kukar Bawa tana da nisa da titi, tafiyar sa'a biyu a ƙasa. Amma ba mu taka ba, mota ce ta zo ɗaukarmu. Tsohuwar akori-kura ce mai launin toka, tana tafe tana wani ƙamshi kamar ana suya. Direbanta Sa'adu, magidanci ne mai gemu tsilli-tsilli, ɗan Gwaggo Tasalla, ita kuma 'yar Baba Ɗanladi. Babana da Gwaggo taubasai ne, wasan ya gangaro kanmu. Ko gama gaisawa da Iya bai yi ba ya juyo ya ce, "A'a, wannan ce baiwar da aka kawo mini? Ta yi ƙanƙanta, ba za ta iya daka ba."

Na ce, "Na zo ganin talakawana ne. Wannan kaskon ƙosan ne motar taku?"

Ya ce, "Shi ne. Ina taku, 'yan ƙasar mai? Na ji an ce kaji ke tuƙa ta."

Ban san wanda ya kai masa labarin kajin ba.

An sauke mu a ɗakin Gwaggo, ta bar mana gadonta ta koma tabarma. Baba Ɗanladi da Iya suka riƙe hannun juna suna lissafa waɗanda suka mutu har abinci ya huce. Galan ɗin fetur kuwa, ya sa albarka ya ce a ajiye masa a bayan ƙofar ɗakinmu, sai Sallah zai taɓa shi.

Kashegari Gwaggo ta kai ni in ga aikin. Ita ce shugabar ƙungiyar matan garin, doguwa ce, ba ta da yawan magana, hannayenta sun yi baƙi da ruwan itacen. Mata ke tsinko 'ya'yan a shinge, su shanya, su ɓare ɗaya bayan ɗaya, su ɗan ɗumama ƙwayar, sannan a zuba a wata na'ura mai dogon hannu wadda mata biyu ke dannawa da dukan nauyinsu. Man yana ɗigowa kamar hawayen marowaci. Sai a bar shi kwanaki ya kwanta, a tace da ƙyalle. Guiɓin da ya kwanta a ƙasa a yi sabulu, tunkuzar a kai gona, don ba a cin ta. Motar tana da tanki biyu, ƙarami na dizal don tayarwa, babba na man mata. Da ita suke kai sabulu da kayan miya kasuwa, da ita ake kai mai naƙuda asibiti.

Amma motar ba tasu ba ce tukuna. Hukuma ce ta ba su aro na gwaji. Gwaggo ta ce gobe da la'asar wani jami'i zai zo daga Maraɗi, a tayar da ita a gabansa da man da suka tatsa, a je titi a dawo. In ta yi, an bar musu ita ke nan, a kuma kai irin shirin wasu garuruwa. In ba ta yi ba, akwai wani ƙauye da ke layi. Man da ke cikin tankin nan shi ne duk abin da suka tara, sun tsince shingayensu tas, ba sauran ƙwaya ko ta magani.

Da yamma na ga Sa'adu yana gwada ta. Sai da ta yi tari, ta yi atishawa, ta yi tunani, sannan ta tashi. Na ce, "Haka za ta yi a gaban baƙo? Ai ko Iya ta fi ta saurin tashi."

Ya ce, "Sannu ba ta hana zuwa."

Na ce, "Da man ƙasarmu ta sha, da tashi sama za ta yi."

Ya ce, "To ki kawo mana in kun samu."

Yanzu ku saurara, don nan ne wurin da nake zuwa ɗibar ruwa. Ni a sanina mai mai ne. Na san akwai fetur akwai dizal, amma na ɗauka kamar shinkafa ce da dawa, ɗaya ta masu hali, ɗaya ta talaka, duk ciki ɗaya suke shiga. Na ce a raina, bari in taimaki bayin Allah nan. In motar ta yi gudu a gaban jami'i an bar musu ita, sai in tsaya a tsakiyar gari in ce wa Sa'adu, ka san abin da ta sha? Har na shirya yadda zan riƙe ƙugu.

Ranar gwajin, da rana ta take gari ya kwanta kamar yadda suka saba, na ɗauki galan ɗin Baba Ɗanladi daga bayan ƙofa, na rufe shi da mayafi, na je gindin kukar da ake ajiye motar. Na buɗe babban tankin na juye shi duka. Har jijjiga motar na yi don ya gauraya. Na dawo na kwanta kusa da Iya ina murmushi. Ba ta buɗe ido ba ta ce, "Hansai, me ya sa kike warin babur?" Na yi minshari.

Da la'asar jami'in ya iso da takardu a hammata, suna ce masa Mushe, wato Malam da Faransanci. Gari duka ya fito. Mata sun sha anko, Gwaggo a gaba. Sa'adu ya tayar da mota da ƙaramin tanki, ta tashi lafiya, ya juya ta kan babba, Mushe ya shiga gaba. Ta yi tafiya kamar daga ajinmu zuwa ofishin shugabar makaranta. Sai ta fara wata ƙara kamar ana dakan ƙarfe a cikinta, hayaƙi ya turnuƙe, ta yi tsalle biyu ta mutu. Sa'adu ya yi, ya yi, ko tari ta ƙi.

Mushe ya sauko ya zagaya, ya buɗe tankin, ya kai hanci. Ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago ya dubi Gwaggo ya ce, "Esansi ne a ciki. Hajiya, kun ce mini manku ne zalla. In bai isa ba ai sai ku faɗa, ba sai kun saya kun cika ba. Me zan rubuta yanzu?"

Wato ya ɗauka ha'inci suka yi. Matan nan da suka yi watanni suna ɓare ƙwaya da farce. Galan ɗin fetur ɗaya ne a garin kaf, kowa ya san ɗakin da yake. Gwaggo ta dube ni sau ɗaya, ba harara ba, kallo kawai, ta mayar da idonta ƙasa. Iya tana riƙe da hannuna, sai na ji ta sake shi.

Ina nan ina neman inda ƙasa za ta tsage, sai Baba Ɗanladi ya dogara sandarsa ya matso. Ya ce, "Mushe, ni ne. Ido ya tafi. Na zo zuba wa babur na zuba wa mota. Matan nan ba su sani ba."

Tsohon da ko ƙofar gida sai an riƙe shi. Tsohon da ke jan sallah in liman ba ya nan. Ya tsaya gaban jama'a ya yi ƙarya don kada baƙuwa ta ji kunya a gidansa. Kuma ba wanda ya musa masa, duk suka sunkuyar da kai suka bar maganar a haka. Wallahi da sun rufe ni da duka da ya fi mini sauƙi.

Muryar da ta fito daga bakina ban san ta ba, siririya kamar ta sauro. Na ce, "Ba shi ba ne. Ni ce." Mushe ya ce in ɗaga murya. Na sake faɗa, na faɗi dalili, har da zancen tashi sama. Ba wanda ya yi dariya. Ban taɓa faɗin abin dariya aka ƙi yin dariya ba sai ranar.

Mushe ya ce, "Daga Nijeriya kike, kuma ba ki san ba a zuba wa motar gazuwal esansi ba?" Na ce ban sani ba. Ya girgiza kai. Ya ba Gwaggo haƙuri kan zargin da ya yi, amma ya ce takardarsa gida biyu gare ta, ta je ko ba ta je ba, babu gidan baƙuwa. Motar za ta koma wancan ƙauyen. In sun sake tara mai da zai isa gwaji, su aika masa, zai duba. Aka kawo bokiti aka tsiyaye tankin. Man bai da sauran amfani, ba ya sabulu, ba ya fitila. Sa'adu da kansa ya tayar da ita da ɗan dizal ɗin da ya rage, ya tuƙa ta ya kai musu, ya dawo a ƙasa.

Bayan magariba Gwaggo ta kawo mana kaza, wadda dama aka tanada don murna. Ta zaɓo cinya ta sa a gabana ta ce, "Ci, 'yata, kin yini ba ki ci komai ba." Na ɗauka na ci. Sa'adu ya leƙo ya gaida Iya, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Sannu da hutawa, Malama Hansai. Ya baƙunta?" Babu baiwa, babu 'yar ƙasar mai. Ku da kuke da taubasai kun san abin da wannan ke nufi. Ya cire ni daga wasa, ya mayar da ni mutuniyar kirki, irin wadda ake gaisarwa a wuce.

Ranar da za mu tafi ranar kasuwa ce. Mun tako zuwa titi tare da matan, kowacce da kwandon sabulu a ka, wata da goyo. Sa'a biyu cur a yashi. Ɗaya daga cikinsu ma ta so ta karɓi ƙunshina. Iya ba ta yi mini magana ba har muka tsallaka iyaka. A Jibiya ta saya mini rogo ta ce, "Da kin bar shi ya ɗauki laifin nan, da a can zan bar ki." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Kawu ya tare mu da tambaya, na ba shi labarin na'ura da tanki biyu, sannan na ba shi ɗayan labarin. Ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Tsakanin Batsari da Safana ina manne a bayan akori-kura sai idona ya faɗa kan shingaye. Bini-da-zugu ko'ina, 'ya'ya sun nuna sun yi baƙi suna zuba ƙasa, ba mai ko kallonsu.

Sauran hutuna a shinge na ƙare shi. Na tsince na Zakka, na bi na dangi har Runka, Kawu ya sa aka tattaro mini na Tsaskiya. Mutane suna wucewa suna cewa boko ya taɓa jikar Iya, tana tsintar abin da akuya ta raina. Zannuwana biyu sun lalace da ruwansa. Iya tana zaune tana taya ni ɓarewa tana zagina, wanda hakan ya nuna mini mun shirya. Da buhuna suka cika Kawu ya ba wani abokinsa mai zuwa Maraɗi ya kai wa Gwaggo. An ce a kan iyaka an kwance buhu ɗaya, an duba, an sake dubawa, an rasa dokar da ta hana, aka ce su wuce da shararsu.

Makon jiya da Kawu ya zo ziyara ya kawo mini amsa. An tatsa, Mushe ya dawo da motar, ta je titi ta dawo. Tana gindin kukarta yanzu. Amma wata biyu matan suka yi suna dako a ka, kuma a cikin kwanakin wata ta haihu a amalanke a hanyar asibiti. Ita da ɗan suna lafiya. Na tambaya sau uku.

Gwaggo ta aiko mini da sabulu guda. Sa'adu kuma ya ba da saƙo ya ce a faɗa mini da baki, kada a rage ko kalma. Kawu ya gyara murya a gaban mai gadin makaranta ya ce, "Wai a gaya wa baiwata, in ta sake zuwa gidan gaba nata ne. Amma an sa wa tanki kwaɗo, kuma duk garin Hansai suke kiransa. Kullum kafin a kwanta barcin rana sai Gwaggo ta tambaya ko an kulle Hansai."